Yadda Ake Kare Wurin Tiyata Daga Ƙaba Bayan Dashen Ƙoda

Idan aka ce wurin tiyata ya yi ƙaba, ana nufin fata ta warke daga waje amma ɗinkin bangon ciki ya saki daga ciki, har hanji ko kitse ya samu kafa ya turo, ya yi tudu a ƙarƙashin tabo. Bayan dashen ƙoda, yawancin rahotannin asibitoci suna nuna abin bai kai mutum 1 cikin 10 ba. Sai dai wanda ƙabar ta kama yakan ji jiki, domin wurin gyaran yana daf da sabuwar ƙodar da bututun fitsarinta, ga magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda ake sha don kada jiki ya ƙi ƙodar, suna rage wa rauni saurin haɗewa. Tudun yakan fito bayan watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, amma ɓarakar tun a makonnin farko take somawa. Saboda haka yawancin aikin rigakafin yana tsakanin shirin tiyata da mako na takwas bayanta.

Abin da ke riƙe da ciki

Ba a mazaunin tsohuwar ƙoda ake sa sabuwa ba. Ana yanka ne a ƙasan ciki, gefen dama ko hagu, daga saman ƙashin mara a lanƙwasa zuwa wajen ƙashin ƙugu. Wannan shi ne yankan Gibson. Likita zai ture jakar da ke ɗauke da hanji gefe ba tare da ya buɗe ta ba, ya haɗa jijiyoyin ƙodar da manyan jijiyoyin jinin da ke sauka ƙafa, sannan ya dasa bututun fitsarinta a mafitsara. Kafin ya isa can sai ya ratsa tsokoki hawa uku, kowace tana da wani farin tantani mai tauri da likitoci ke kira fasiya. Shi ne ke ɗaukar nauyi. Fata ba ta riƙe komai, tsoka kuma zare yanka ta yake yi.

A kwanaki huɗu zuwa biyar na farko raunin ba shi da wani ƙarfi na kansa, zare ne kawai ke riƙe da shi. Wajen mako na shida tantanin yakan kai kimanin rabin ƙarfinsa, ya ci gaba da ƙaruwa a hankali har tsawon watanni, kuma ba ya taɓa komawa yadda yake a da. Wannan lissafin na mai cikakkiyar lafiya ne. Wanda ya daɗe yana wankin ƙoda, yana da ƙarancin jini, yana shan sitiroyid (ɗaya daga magungunan danne garkuwa), nasa ya fi haka jinkiri.

Mataki na farko: tun ana jiran ƙoda

Ƙiba ce kan gaba. Kitse mai kauri a ƙarƙashin fata ba shi da wadataccen jini, yana tara ruwa, ƙwayoyin cuta suna samun mafaka, sannan teɓa tana jan ɗinki dare da rana. Ana auna ta da BMI: nauyi a kilo, a raba da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.70 yana da kusan 33. Daga 30 haɗarin matsalar rauni yake ƙaruwa, cibiyoyin dashe da dama kuma suna sa iyaka tsakanin 35 da 40. A yi lissafin da nauyin bayan wankin ƙoda, wato bayan an zuƙe ruwa. Rage ƙiba a wannan hali aikin masanin abinci ne na masu ciwon ƙoda, domin mai wanki da ya hana kansa abinci da ka tsoka zai zubar, ya zo tiyata a rame da raunin da ba zai haɗe ba. Idan albumin, wani furotin da ke cikin jini, yana ƙasa da giram 3.5 a kowace desilita, a binciki dalili.

Taba kuma a bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin yana rage iskar oksijin da jini ke ɗauka, jiki kuwa ba ya iya saƙa sabon tantani sai da oksijin. Ga tarin da ke biyo baya. Wanda ke jiran ƙodar mamaci bai san ranar da za a kira shi ba, don haka ranar da aka sa sunansa a layi ita ce ranar bari.

Mai ciwon sukari ya daidaita sukarinsa tun yanzu. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, yana iya yaudara ga mai wankin ƙoda saboda ƙarancin jini da allurar ƙara jini, shi ya sa ake duba awon yau da kullum tare da shi. A kuma sa likita ya duba cibiya da matsematsi, musamman ga wanda ake wa wanki ta ciki da mai cutar ƙoda mai ƙulle-ƙullen ruwa ta gado, domin su ne suka fi yawan ƙaba tun kafin a taɓa su da wuƙa. Tsohon tari, asma, da kumburin furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da ke sa yunƙurin fitsari, duk a yi maganinsu kafin ranar.

Mataki na biyu: a ɗakin tiyata

Wannan hannun likita ne, amma mara lafiya yana da damar tambaya.

Raunin da ya ruɓe shi ne babbar hanyar ƙaba, saboda haka ana farawa da tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Ana ba da maganin rigakafi ta jijiya cikin minti 60 kafin yanka, yawanci cefazolin giram 2, ko giram 3 ga wanda ya kai kilo 120. Gashi da injin aski ake rage shi, reza tana barin ƙananan tsage. Ana riƙe ɗumin jiki kada ya sauka ƙasa da digiri 36, sukari kuma kada ya wuce 180 a ma'aunin mg/dL, wato 10 a mmol/L.

Siffar yanka tana da tasiri. Idan aka miƙa shi sama ta gefen tsokar tsakiyar ciki, ana tsinke jijiyoyin da ke kai wa tsokar saƙo, tsokar da ta rasa jijiya kuwa sirancewa take yi ta saki. An kwatanta wannan da yankan da ke bin karkata, aka ga wanda aka miƙa saman ya fi kawo ƙaba da sakin ciki. A tsaya iya tsawon da ake buƙata. Ga masu ƙiba sosai, wasu cibiyoyi suna yin dashen da na'urar robot ta ƙaramar kafa, kuma an ga ruɓewar rauni ta ragu.

Kewayen manyan jijiyoyin jini akwai siraran hanyoyin limfa, wani ruwa garau da ke zagaya jiki. Duk wadda aka yanke a ɗaure ta, haka na jikin ƙodar, in ba haka ba ruwan zai taru ya zama ƙunshi a gefen ƙoda, ya danne bututun fitsari ko ya nemi hanya ta cikin ɗinki. A tsayar da jini tsaf kafin rufewa, domin ƙwayoyin daskarar da jini na mai ciwon ƙoda ba sa aiki yadda ya kamata. Duk abin da zai sa a sake buɗe wannan yanka, ko jini ne ko yoyon fitsari, yana cikin manyan dalilan ƙaba.

Sai rufewa, wadda ake yi lokacin da kowa ya gaji, kuma sau da yawa a nan ake sakaci. Ana rufewa hawa-hawa: tsokoki biyu na ciki tare, sannan tantanin na waje shi kaɗai. Zaren ya zama mai sili ɗaya, mai jinkirin narkewa, irin polydioxanone, wanda a mako na shida yana riƙe da fiye da rabin ƙarfinsa. Zare mai saurin narkewa irin polyglactin yana rasa rabi a mako uku, tun raunin bai tsaya da ƙafarsa ba. Tsawon zaren da aka cinye ya kai aƙalla ninki huɗu na tsawon raunin, ƙa'idar da wani likitan tiyata mai suna Jenkins ya bayyana a 1976: yankan santimita 15 yana son zare santimita 60 ko fiye a kowane hawa. Ana auna wannan, ba a ƙiyasta shi da ido.

Girman cizon allura ma an gwada shi. A gwajin STITCH da aka yi a Holan, aka wallafa a 2015, an kwatanta cizon milimita 5 a tazarar milimita 5 da cizon santimita 1 a tazarar santimita 1. Bayan shekara, ƙaba ta samu kashi 13 cikin 100 na masu ƙaramin cizo, da kashi 21 na masu babba. A yankan tsakiyar ciki aka yi gwajin, ba na dashen ƙoda ba, amma dalilin ɗaya ne: babban cizo yana haɗawa da kitse da tsoka, su mutu a ƙarƙashin zare, ɗinkin ya yi sako-sako. Kada kuma a ja zaren da ƙarfi. Kowane tela ya san ɗinkin da aka tamke fiye da kima yadi yake yagawa. Kusurwoyin yankan biyu, ta wajen ƙashin mara da ta sama wajen ƙugu, a kama su da ido buɗe, can ne tantanin ke zamewa a rasa shi.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da dashe. Idan ƙodar babba ce mutum kuma siriri, rufewa da ƙarfi tana iya matse ta har jini ya daina shiga. A irin wannan hali ana buɗe jakar hanji a ba ta wuri, ko a cike giɓin da raga, wato wani saƙi na musamman da ake ɗinkawa don ƙarfafa bangon ciki. Sa raga don rigakafi kawai ga kowa bai zama ƙa'ida ba a dashen ƙoda. Ana duba shi ne ga mai haɗari sosai.

Mataki na uku: zaɓen magunguna

Sirolimus da everolimus, waɗanda magungunan danne garkuwa ne, suna hana ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama yaɗuwa, suna kuma hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa, wato ainihin abubuwan da rauni ke buƙata. A wani gwaji na asibitin Mayo a Amurka da aka wallafa a 2004, matsalar warkewar rauni ta samu kashi 47 cikin 100 na masu shan sirolimus, da kashi 8 na masu shan tacrolimus, wani maganin danne garkuwar. Shi ya sa cibiyoyi da yawa ba sa farawa da sirolimus ko everolimus, musamman ga mai ƙiba ko ciwon sukari. Idan akwai dalilin ba da su, sai a jira rauni ya warke, a guji babban awon farko, a riƙa duba yawansu a jini. Sitiroyid ma yana rage saƙar tantani, saboda haka ana sauke shi zuwa mafi ƙanƙantar awon da zai tsare ƙodar. Wanda aka yi wa manyan alluransa saboda jiki ya soma ƙin ƙodar, a ɗauka rauninsa ya koma baya, a ƙara masa wa'adin kiyayewa.

Duk wannan hukuncin likitan dashe ne. Mara lafiya kada ya rage ko ƙwaya ɗaya da kansa don wai rauni ya warke. Ƙaba ana gyara ta, ƙodar da jiki ya ƙi kuwa sau da yawa ta tafi ke nan.

Mataki na huɗu: kwanakin asibiti

Ka tashi ka taka tun washegari idan an ba ka izini. Tafiya ba ta buɗe ɗinki, kwanciya ce ke kawo ciwon huhu da tari da kumburin ciki. Yadda ake tashi ne abin lura: ka lanƙwasa gwiwoyi, ka mirgina gefe gaba ɗaya, ka sauke ƙafafu daga gado, ka tura kanka sama da hannu. Tashi kai tsaye daga rigingine yana ɗora dukkan nauyin a kan ɗinki. In tari ko atishawa ta zo, ka danna matashi a kan raunin da hannu biyu. Kada ka danne tarin, majinar da ta zauna ita ke zama ciwo. Ka riƙa jan dogon numfashi kamar sau goma a kowace awa idan kana farke.

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa matsi ne babba. A fara maganin tausasa bayan gida tun ranar farko, irin macrogol ko lactulose ko senna. A guji masu magnesium da na matsawa ta dubura masu fosfet muddin ƙodar ba ta kama aiki sosai ba. Don ciwo, parasitamol ne ginshiƙi. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna cutar da ƙoda, ba na mai dashe ba ne.

Abinci ma yana juyawa. Wanda aka daɗe ana taƙaita wa furotin yanzu yana buƙatar kimanin giram 1.2 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinsa kullum a makonnin farko. Mai kilo 70 a kan giram 1.4 yana neman kusan giram 100, ƙwai ɗaya kuwa kimanin giram 6 ne, ka ga sai an tsara. Tacrolimus da sitiroyid suna iya tayar da sukari ko ga wanda bai taɓa ciwon ba, kuma yakan fi hawa da yamma, don haka awon safe kaɗai bai isa ba.

Ruwan da ke fita daga rauni shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ɗan jiƙewar bandeji a kwana biyu na farko ba komai ba ne. Amma ruwa mai yawa, ko wanda ya ƙi tsayawa, a ɗebe shi a auna kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini zuwa fitsari. Idan ya ninka na jini nesa ba kusa ba, fitsari ne ke yoyo. Idan daidai yake da na jini, limfa ne ko ruwan rauni. Ruwa mai launin ja-ja garau da ya kwararo farat ɗaya tsakanin kwana na biyar da na goma, musamman bayan tari ko jin wani abu ya tsinke, ana ɗaukarsa ɗinkin ciki ne ya buɗe har sai an tabbatar ba haka ba. Idan an gano da wuri ana komawa a sake rufewa. Idan aka yi ta canza bandeji har fata ta rufe a kai, an samu ƙaba ke nan. In hanji ya leƙo, a kwantar da mutum gwiwoyi a lanƙwashe, a rufe da tsabtataccen bandeji jiƙe da ruwan gishirin asibiti, kada a tura shi ciki, kada a ba shi ci ko sha.

Ƙarafunan ɗinkin fata sukan kai mako biyu zuwa uku kafin a cire, fiye da sauran tiyata. Kada a matsa a cire da wuri.

Mataki na biyar: mako shida zuwa takwas a gida

Kada ka ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 5, wato nauyin lita biyar na ruwa. Ɗaukar yaro yana ciki, haka tura kaya da jan ƙofa mai nauyi. Idan za ka ɗauki abu a ƙasa, ka durƙusa da gwiwa, ka fitar da numfashi yayin tashi. Riƙe numfashi a yi nishi shi ke cika ciki da matsi. Gaskiya hujjar bincike a kan ainihin adadin kilo ba ta da ƙarfi, kuma tari mai tsanani yana matsa ciki fiye da ɗaga ƙaramin kaya. Duk da haka ga mai shan magungunan danne garkuwa, haƙurin wata biyu ba asara ba ce. Abin da bai kamata ba shi ne tsoro ya kwantar da mutum. A riƙa tafiya kullum ana ƙarawa, har a kai minti 30.

Ɗamarar ciki tana rage ciwo ta ba da ƙwarin gwiwar tafiya, amma ba a nuna tana hana ƙaba ba. In za a ɗaura, kada ta matse ƙodar, wadda ke kwance kusa da fata. Tuƙi da kusantar iyali sai ciwo ya lafa kuma likita ya amince.

Ka duba raunin kowace rana da haske mai kyau. Mai teɓa ya ɗaga ta ya duba da madubi, ya busar da lanƙwasar fatar bayan wanka, domin danshin wurin ne ke ruɓar da ƙasan ɗinki. Magungunan danne garkuwa suna ɓoye alamu: rauni yana iya tara mugunya ba tare da ja sosai ko zazzaɓi mai zafi ba. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ɗumi, wari, ruwa mai kauri, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, a kira cibiyar dashe a ranar. Kada a shafa komai a kai, kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka, domin irin su clarithromycin da erythromycin suna tayar da tacrolimus a jini har ya zama guba ga ƙodar. Kumburin ƙafar ɓangaren da aka yi dashen, raguwar fitsari, ko sabon tudu a gefen tabo, suna iya nuna limfa ya taru, wanda yakan bayyana daga mako na biyu zuwa watannin farko. Hoton sikan yana nuna shi.

Tarin da ya wuce 'yan kwanaki a kai shi asibiti. Wani lokaci maganin hawan jini ne irin lisinopril ko enalapril ke kawo busasshen tari, canza shi kawai ya wadatar.

Bayan wata biyu

Ana komawa motsa jiki daki-daki: tafiya da keken motsa jiki, sannan atisayen ƙarfafa ciki marasa nishi, ɗaga nauyi kuma a ƙarshe, yawanci bayan wata uku. Mai aikin ƙarfi ya nemi a sauƙaƙa masa na wani lokaci. Babban haɗari a wannan zango shi ne ƙiba, domin ɗanɗano ya dawo, takunkumin abinci ya sassauta, sitiroyid yana buɗe ciki, mutane da yawa suna ƙara kilo masu yawa a shekarar farko. A hau sikeli kowane mako. Mace mai son haihuwa ana shawartar ta jira aƙalla shekara ɗaya, kuma sai an canza mata maganin danne garkuwa mai suna mycophenolate tukuna, domin yana illata ɗan tayi.

Gane ƙaba, da abin yi in ta fito

Ba kowane tudu ba ne ƙaba. Ita kanta ƙodar ana jin ta a ƙarƙashin tabo, da ɗan tauri, ba ta canzawa. Akwai kuma sakin tsoka saboda jijiyar da aka yanke, inda gefen cikin ke faɗaɗa gaba ɗaya ba tare da rami ba. Ƙaba tana girma idan an tsaya ko an yi tari, ta koma idan an kwanta, wani lokaci a ji bakin ramin da yatsa ko ƙugin hanji a ciki. Ana duba mutum a tsaye. Idan da shakka sai hoton siti sikan, kuma yawanci ba a buƙatar allurar rini mai wahalar da ƙoda.

Ƙaba ba ta rufewa da kanta, ƙaruwa take yi, kuma ƙarama ta fi sauƙin gyara. Ana gyarawa da raga, domin ɗinki zalla yana yawan sake buɗewa, kuma ya fi kyau a yi a inda akwai likitocin dashe, saboda bututun fitsarin ko ƙodar na iya mannewa a jikin jakar ƙabar. Kafin aikin ana rage ƙiba, a bar taba, a daidaita sukari, mai shan sirolimus ko everolimus kuma a kan mayar da shi kan wani magani makonni kafin ranar.

Idan tudun ya yi tauri ya ƙi komawa, da ciwo mai tsanani, da amai, da kumburin ciki, ko tusa da bayan gida suka tsaya, hanji ne ya maƙale, kuma cikin awoyi yana iya mutuwa. A tafi sashen gaggawa nan take ba tare da ci ko sha ba, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa akwai ƙodar dashe, a riƙe takardar magunguna a hannu. Mai amai ba ya riƙe magungunan garkuwarsa a ciki, don haka a nemi su tuntuɓi cibiyar dashe a ba shi ta wata hanya kafin lokacin shan na gaba ya wuce.